Me ya riƙe kagarar Alamut shekara 166?

Tambaya: Malam, na kalli wani fim mai dogon zango a kan Hasan Sabbah da kagararsa ta Alamut. An nuna yana ɗirka wa samari wiwi, a kwashe su a kai wani lambu, su farka su zaci Aljanna suke, daga nan sai ya tura su kisa. Wurin nan akwai shi da gaske? Wa ya gina shi, wa ya rushe shi, kuma batun lambun gaskiya ne?

Amsa: Wurin akwai shi, ɗan'uwa, har gobe kangonsa na nan a arewacin Iran. Lambun ne dai ba wanda ya taɓa sa shi a ido, har da mutumin da ya bi kagarar ɗaki-ɗaki a ƙarshen 1256 yana neman abin da zai ɓata sunan masu ita. Zan zo kan wannan mutum, domin kusan duk abin da muka sani game da cikin Alamut ta hannunsa ya biyo.

Alamut tana cikin duwatsun Alburz, a lardin Ƙazwin, kudu da tekun Kasbiya, a saman wani ƙauye mai suna Gazurkhan. Dutse ne siriri mai tsawo da ya tashi kimanin mita 200 daga ƙasar da ke gindinsa, ƙololuwarsa kuma ta haura mita 2,000 daga doron teku. Marubucin tarihi Aɗa Malik Juwaini, wato mutumin da na ce zan zo kansa, ya ce kamarsa ɗaya da raƙumin da ya durƙusa ya shimfiɗa wuyansa a ƙasa, kuma duk wanda ya ga hotonsa daga gefe zai ce bai yi ƙarya ba. Ta yawancin ɓangarorinsa dutsen a tsaye yake kamar bango, hanyar hawa kuma 'yar siririya ce, mutum kaɗan sun isa su tare ta. Shi kansa kwarin da dutsen yake ciki a kulle yake: ta wani matsatsi ake shigarsa inda kogi ya ratsa, idan hunturu ya kama kuma dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyin tudu. Rundunar da ta zo da bazara dole ta gama abin da ya kawo ta kafin sanyi, ko ta koma.

Ba Hasan Sabbah ne ya gina ta ba. Ta girme shi da kusan shekara 200. Wani daga cikin sarakunan Dailam, yankin duwatsun da take ciki, shi ne ya kafa ta wajen shekara ta 860. Masanin tarihi Ibnul Asir ya kawo labarin cewa sarkin ya fita farauta ne ya saki gaggafarsa, ta je ta sauka a kan dutsen, da ya bi ta ya ga irin tsaron wurin sai ya sa aka yi gini. Daga nan aka ce sunan ya samo asali, Aluh Amut da harshen mutanen wurin, wasu su fassara shi da "koyarwar gaggafa", wasu "sheƙar gaggafa". Ga wani abu da zai burge duk wanda ya zauna gaban malamin hisabi: ka rubuta Aluh Amut da baƙaƙen Larabci ka lissafa. Alif 1, lam 30, ha 5, alif 1, mim 40, waw 6, ta 400. Jimla 483, shekarar Hijira da Hasan ya shiga kagarar. Irin ramzin nan ne da malamanmu ke rufe waƙoƙinsu da shi don a san shekarar da aka yi su. Mabiyansa sun ɗauki wannan a matsayin ishara daga sama. Ni dai dacewa na ɗauke shi, amma dacewa mai kyau.

Shi Hasan a birnin Ƙum aka haife shi wajen tsakiyar ƙarni na 11, ya tashi a Rayy, kusa da Tehran ta yau. Gidansu 'yan Shi'a ne masu bin imamai goma sha biyu, yana saurayi ya koma Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, waɗanda a lokacin imaminsu shi ne halifan Faɗimiyya a Alƙahira. Ya isa Masar a 1078, ya dawo Isfahan a 1081, ya shafe shekara tara yana yawon da'awa a ɓoye yana kuma duba inda zai kafa sansani. Turkawan Saljuƙ ne ke mulkin ƙasar, Sarkin Musulminsu Malikshah, wazirinsa kuma Nizamul Mulk, wanda ya gina makarantun Nizamiyya, inda Imam Gazali ya koyar a Bagadaza. Labarin da ake yawan bayarwa cewa Hasan da Nizamul Mulk da mawaƙi Umar Khayyam tare suka yi karatu har suka yi alkawarin wanda ya samu zai taimaki sauran, shi ma ka ajiye shi gefe. An haifi wazirin a 1018, ya ba Hasan sama da shekara talatin.

Yadda ya karɓi kagarar shi ne darasi na farko game da ita. Bai harba kibiya ko ɗaya ba. Mai riƙe da ita a madadin Saljuƙawa wani sharifi ne ɗan Shi'ar Zaidiyya mai suna Mahdi. Hasan ya fara tura masu da'awa ƙauyukan kwarin, daga nan suka shiga cikin dakarun kagarar suna jan su ɗaya bayan ɗaya. A ranar 4 ga Satumba 1090 aka shigar da shi da kansa a ɓoye, da sunan aro, Dihkhuda, ya zauna yana koyar da yara karatu. Ranar da Mahdi ya gane ko wane ne malamin yaran nan, ya waiwaya ya ga ba sauran mai jin maganarsa a gidan. Hasan bai taɓa lafiyarsa ba. Ya rubuta masa takarda ya je ya karɓi dinari 3,000 a hannun wani babban ma'aikacin Saljuƙawa mai suna Muzaffar, wanda a asirce mutumin Hasan ne. An ce Mahdi ya tafi yana ganin an raina masa hankali ne, sai da talauci ya kai shi ya miƙa takardar, aka sumbace ta aka ƙirgo masa kuɗinsa cif.

Daga wannan rana Hasan bai ƙara saukowa daga dutsen ba har ya mutu a 1124. Shekara 34. Masu tarihi suka ce sau biyu kacal ya fita daga ɗakinsa, shi ma soro ya hau. Karatu, rubutu, da aika saƙo.

To me ya yi a waɗannan shekaru da ya sa wurin ya gagara? A nan ne fina-finai ba sa tsayawa, don ba abin kallo a ciki. Ruwa ya jawo, rumbu ya haƙa. Ya sa aka gyara noman kwarin, aka ja magudanai zuwa gonaki, aka dasa itatuwa. A kan dutsen kuma aka sassaƙa tafkuna a cikin jikinsa don tara ruwa, da ɗakunan ajiya masu zurfi waɗanda sanyin dutse ke hana abin da ke ciki lalacewa. Juwaini, wanda ba ya buɗe baki a kan mutanen nan sai da tsinuwa, da ya zo kan wannan aiki sai ya koma yabo ba tare da ya shirya ba. Ya ce an janyo ruwa daga kogi zuwa gindin kagarar, aka fafe masa hanya a cikin dutse ta kewaye rabinta. Ya ce ya ga tankunan da aka sassaƙa cike da ruwan inabi, da ruwan tsami, da zuma, da sauran kayan abinci, wasu tun zamanin Hasan, sama da shekara 130, ba su canza ba. Har ya ba da labarin wani daga cikin masu wawaso da ya taka cikin ma'ajiyar zuma bai san zurfinta ba, sai ga shi ya nutse yana iyo a ciki kamar Annabi Yunusa a cikin teku, da ƙyar aka tsamo shi. Duk lokacin da na karanta wurin nan nakan tsaya in yi tunanin yawan zumar da za ta shanye ƙato guda, da yawan shekarun da aka yi ana hawa da ita a kan jakuna ta waccan 'yar hanya.

Ba a daɗe ba aka gwada ajiyar. A 1092 Malikshah ya turo runduna ƙarƙashin wani amir mai suna Arsalan Tash ta yi wa dutsen ƙawanya. Mazan da ke tare da Hasan ba su wuce 70 ba. Wani mai da'awarsu a yankin Ƙazwin ya turo mutum 300 suka sulale ciki, wata rana da dare suka auka wa masu ƙawanyar tare da mutanen ƙauyuka, runduna ta watse. A watan Oktoba na shekarar, cikin Ramadan, wani mutum da ya yi shigar sufaye ya matso kusa da Nizamul Mulk a hanya, a yankin Nahawand, kamar zai miƙa koke, ya daɓa masa wuƙa. Bayan 'yan makonni Malikshah ma ya mutu, 'ya'yansa suka kama rigimar gado, Alamut ta samu sararin numfashi. A cikin wannan sarari ne Faɗimiyya ma suka rabu: halifa Mustansir ya mutu a 1094, aka tsallake babban ɗansa Nizar aka naɗa ƙaninsa. Hasan ya ce shi Nizar ya sani, ya yanke hulɗa da Alƙahira. Shi ya sa ake kiran su Nizariyya.

Gwaji mafi tsanani ya zo a zamanin Sarki Muhammad Tapar. Shi ya gane inda ƙarfin yake, don haka bai ɓata lokaci a kan bango ba: shekara bayan shekara yana turo dakaru su lalata amfanin gonar kwarin. Yunwa ta shiga har Hasan ya aika da matarsa da 'ya'yansa mata zuwa wata kagararsu, Girdkuh, ya ce a ba su abin kaɗi su riƙa yin zare suna cin guminsu. Bai sake dawo da su ba. A 1118 kwamandan Saljuƙawa Shirgir ya kai su bango, sai ga labari sarki ya mutu. Sojoji suka naɗe tantuna suka kama gabansu, na kan dutse suka sauko suka kwashe abincin da aka bari. Sau biyu ke nan mutuwar sarki na ceton Alamut, amma da rumbun bai kai su ranar ba, da ba su ga ceton ba.

Batun kisa kuwa ba ƙage ba ne, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Jerin sunayen da aka samu a Alamut ya nuna kusan mutum 50 aka kashe a zamanin Hasan kaɗai: wazirai, amirai, alƙalai, malaman da ke wa'azi a kansu. Daga baya har halifofi: Amir na Faɗimiyya a 1130, Mustarshid na Abbasiyya a 1135, ɗansa Rashid a 1138. Da wuƙa suke yi, a bainar jama'a, sau da yawa a masallacin Juma'a, mai yin kuma ya san da wuya ya fita da rai. Fida'i suke kiransa. Dalilin bin wannan hanya a fili yake: ba su da rundunar da za ta tsaya a fili, mulkin Saljuƙawa kuma a hannun ɗaiɗaikun amirai yake, ka kawar da mutum ɗaya ka girgiza lardi guda. Tsoro ya kai manya na sa sulke a ƙarƙashin riga. Wanda ya biya kuɗin wannan siyasa shi ne talakan Isma'ili da ke zaune a gari, don duk sanda aka kashe wani babba sai a bi su gida-gida, kamar yadda aka yi a Isfahan, aka kuma yi a Dimashƙa a 1129. Har wanda ba ruwansa, in maƙwabci na jin haushinsa, ya isa ya ce masa Baɗini, sunan da maƙiya ke kiran 'yan Isma'iliyya da shi.

Sai wiwi. Kalmar hashishiyya ta fara bayyana a kansu ne wajen 1123, a wata wasiƙar raddi da fadar Faɗimiyya ta fitar a kan Nizariyyan Sham, kuma ba a ce ga dalili ba. Zagi ne, kamar yadda a nan za a ce wa mutum ɗan wiwi ko ɗan tasha ba don an gan shi da nadi a hannu ba, sai don a nuna ba shi da mutunci. Maƙiyansu na Farisa galibi malahida suke ce musu, wato zindiƙai. Turawan yaƙin Salibiyya suka tsinci kalmar a Sham ba su san ma'anarta ba, ta koma assassin a bakinsu, suka laƙaba wa shugaban reshen Sham, Rashiduddin Sinan na kagarar Masyaf, sunan Tsohon Dutse. Mutanensa ne suka kai wa Salahuddin hari sau biyu bai mutu ba. Da yake Turawan sun kasa gane abin da zai sa saurayi ya tafi inda ya san ba dawowa, sai suka yi ta cike giɓin da tatsuniya. Wanda ya haɗa tatsuniyoyin wuri guda, da lambu da koramun madara da 'yan mata da abin sa maye, shi ne Marko Polo ɗan Banis. Ya ratsa Farisa wajen 1272, shekara 16 bayan an rushe Alamut, ya kuma ba da labarin a kurkukun Jenowa a 1298. Da bakinsa ya ce ji ya yi.

Auna shi da hankali ma. Mutumin da zai yi watanni a gidan wani a matsayin bara ko mai kula da doki yana jiran rana ɗaya, kansa a daidai yake buƙata. Shi kuma Hasan da ake cewa yana rabon wiwi, 'ya'yansa maza biyu ne, duka shi ya sa aka kashe su: ɗaya bisa zargin hannu a kisan wani mai da'awa, zargin da ya tabbata ƙarya daga baya, ɗaya kuma saboda shan giya. An kori wani daga kagarar har abada don ya busa sarewa. Ka kira shi mai ƙeƙasasshiyar zuciya, ba zan musa maka ba. Mai gidan shaƙatawa ne dai bai yi kama da shi ba.

Bayan Hasan mutum bakwai suka yi mulkin dutsen. Biyu sun isa a ambata. Hasan na biyu, a ranar 17 ga Ramadan 559, wato Agusta 1164, ya tara jama'a a gindin kagarar ya hau mumbari ya ce Alƙiyama ta tsaya a ma'ana ta ɓoye, an ɗauke nauyin shari'a, aka karya azumi da rana tsaka. Bai cika shekara biyu ba surukinsa ya soke shi. Jikan Hasan na biyun, Jalaluddin Hasan, da ya hau a 1210, ya juya abin gaba ɗaya: ya rungumi Sunna, ya gina masallatai, ya tura mahaifiyarsa aikin Hajji, halifa Nasir na Bagadaza ya amince da shi. Mutanen Ƙazwin da suka ce ba su yarda ba, ya gayyato malamansu su shiga ɗakin karatun Alamut su zaɓi abin da ba su so a ƙone. Ɗakin karatun nan sananne ne har ga waɗanda ba 'yan ɗariƙar ba. Nasiruddin Ɗusi, masanin taurari da lissafi, ya yi kusan shekara 30 a kagarorin Nizariyya, ƙarshensu a nan yankin.

Ƙarshen ya zo daga gabas. Babban sarkin Mongol, Mongke, ya turo ƙaninsa Hulaku, wanda ya ƙetare kogin Jaihun a farkon 1256. Shugaban Alamut a lokacin saurayi ne, Ruknuddin Khurshah, bai cika shekara a kan mulki ba tun da aka kashe mahaifinsa. Ya yi ta jan ƙafa, ya aika ɗan'uwa, ya rushe ɗan wani ɓangaren bango don a gani, yana neman a ba shi shekara guda. Lissafinsa a bayyane yake: in ya kai hunturu, dusar ƙanƙara za ta yi masa yaƙin. Hulaku bai ba shi ba. A watan Nuwamba ya kewaye shi a kagarar Maimundiz, ba nisa da Alamut, da majaujawar jifan duwatsu da manyan bakunan da gwanayen Sin suka ƙera masu cilla mashi mai wuta. Sanyin kuma ya yi jinkiri a shekarar. Ranar 19 ga Nuwamba 1256 Khurshah ya sauko, Ɗusi na cikin masu rakiyarsa.

Daga nan Mongol suka riƙa yawo da shi gindin kagara zuwa gindin kagara yana kiran mutanensa su buɗe ƙofa, gommai suka buɗe. Kwamandan Alamut ya ƙi na 'yan kwanaki, sannan ya miƙa wuya a watan Disamba. Aka ba mazauna kwana uku su kwashe kayansu, a rana ta huɗu sojoji suka hau suka wawashe saura suka cinna wuta. Ka lura: rumbunan cike suke, tafkunan da ruwa, bangon kuma ba yaƙi ne ya fasa shi ba. Juwaini ya ce da aka zo rushewa, ƙarfe ya yi ta sara yana dawowa hannu wofi saboda taurin ginin. Yadda aka karɓe ta a 1090, ta hanyar mutanen da ke ciki, haka aka karɓe ta a 1256.

Juwaini a lokacin magatakardan Hulaku ne, ɗan shekara 30. Ya roƙi izinin shiga ɗakin karatun kafin a ƙone. Ya ware Alƙur'anai da littattafan da ya ga suna da daraja da kayan auna taurari, ya karanta tarihin rayuwar Hasan da mabiyansa suka rubuta ya kwafi abin da yake so, sauran duk abin da ya shafi aƙidarsu ya sa musu wuta da hannunsa, kuma da alfahari ya faɗa. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai su riƙa karanta shi da ido biyu: ba mu da shaidar da ta fi tasa, kuma shi ne ya ƙone sauran shaidun. Amma a kan tambayarka wannan ƙiyayya tasa amfani gare mu take. Da ya ga lambu, ko ya ji ƙishin-ƙishin wiwi, da ya cika shafuka da shi. Bai ambaci ko ɗaya ba.

Khurshah bai ci ribar saukowarsa ba. A 1257 ya tafi Mongoliya don ganin Mongke, aka ƙi karɓarsa, a hanyar dawowa masu rakiyarsa suka kashe shi, aka kuma bi iyalinsa da dubban mabiyansa da ke hannu. Hulaku ya wuce ya ci Bagadaza a 1258. Ɗusi ya koma hidimarsa, aka gina masa ɗakin duban taurari a Maraga. Nizariyya sun sake kama dutsen na ɗan lokaci wajen 1275 aka fatattake su, a zamanin Safawiyya, daular da ta mulki Iran daga baya, kuma ya zama kurkukun 'ya'yan sarauta da aka ga take-takensu. Daga baya masu haƙar neman dukiya suka ƙarasa abin da ya rage. Jama'ar dai ba ta ƙare ba, su ne mabiya Aga Khan na yau. Tun farkon shekarun 2000 masu binciken kayan tarihi na Iran ke tono a wurin. Wanda ya je yanzu zai ratsa gonakin 'ya'yan itace na Gazurkhan, ya hau matakala har numfashinsa ya ɗauke, ya tarar da guntayen bango, da ɗakunan da aka tono an rufa musu kwano, da tafkunan nan na cikin dutse, waɗanda su ne suka fi komai saura yadda suke.

Kagara biyu ne suka ƙi jin kiran Khurshah. Lamasar ta riƙe har 1257, annoba ta karya ta. Girdkuh kuwa, inda matar Hasan ta yi kaɗi, Mongol sun fara yi mata ƙawanya tun 1253, suka kewaye ta da katanga suka zauna jira. Sai a ƙarshen 1270 mutanenta suka sauko, bayan shekara 17, aka kashe su. Abin da aka ruwaito ya ƙare musu a can sama tufafin sawa ne.